Ban da Sallau

Da gari ya waye a Birnin Tudu, aka tarar da injin ban-ruwan Ƙungiyar Manoman Rani yana nan inda aka bar shi, amma faifan sola da ke ba shi wuta sun yi tafiya. Ƙarafan da aka ɗaura su a kai ne kawai suka rage a bakin kanal.

Kafin hantsi mutanen gari sun gama bincike a teburin mai shayi. Faifan sola, in ji masanan teburin, ba abin da ake yi da su sai cajin waya a daji, kuma kowa ya san su wa ke zaune a daji. Ke nan wanda ya kwance su ba ɓarawo ne kawai ba, infoma ne, ɗan rahoton 'yan bindiga. A wannan yanki ɓarawo yakan sha duka ya koma gida, infoma kuwa ba ya komowa.

Aka aika a kira Sallau.

Sallau mai bin sawu ne, gadon gidansu. A da, in aka kore saniya a Damri, shi ke binta har ya tsaya a ƙofar wanda ya ɗaure ta. Yanzu sana'ar ta mutu, don in an kore shanu kowa ya san inda suka nufa, kuma ba mai sha'awar a kai shi. Da ƙungiya ta ga yana zaman banza, ga shi ya yi sakandare a zamanin da ake karatu a cikinta, sai ta tura shi Talata Mafara ya koyi aiki da rumbun bayanai na kwamfuta a wurin wata Malama Amatullah. Ya wuce darasin teburin bayanai, ya shiga darasin yi wa rumbu tambaya. Da ɗan yatsa ɗaya yake buga haruffa.

Ya tarar da shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantala, a bakin kanal, tare da babban ɗansa Surajo mai sayar da kayan babur, da Lauwali jagoran 'yan sa-kai, bindigar toka a kafaɗa. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da sanyin kwana, kamar ba abin da ya ɓata. Sannan Sallau ya ce kowa ya ja baya.

Jama'a sun riga sun tattake wurin, don ba mai yarda a ba shi labarin abin da zai iya takawa da ƙafarsa. Amma a gefen gonar shinkafa, inda ƙasa take da laima, ya sami sawu. Rambut ne, dogon takalmin roba irin wanda ƙungiya ta raba wa manoma bara. Sawun zuwa bai nutse ba, na komawa ya nutse, alamar an ɗauki kaya. Ya bi shi har kan gaɓar kanal, inda tayar babur ta karɓa, ita kuma ta hau kwalta ta ɓace. Ya dawo ya tsuguna a kan sawun dama ya daɗe. A tsakiyar tafin akwai wata 'yar tsaga.

Ya karya kara ya auna tsawon, ya duba karan, ya saci kallon tasa ƙafar.

"Lamba arba'in da biyar," ya ce.

"Na wa ne?" in ji Lauwali.

"Ƙasa ba ta faɗin suna."

*

Mai gadin injin, Sadiq, yana zaune a gindin darbejiya, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ina kake lokacin da aka kwance su?"

"Ina nan, Malam Sallau. Wallahi ina nan."

"Ka ji ƙarar babur?"

"Ban ji ba."

"An kwance noti, an ɗauki faifai, an ɗaure bisa babur, an tayar da shi, duk kana nan."

Sadiq ya share hanci. "To, na ɗan leƙa gidan kallo. An ce wasan ƙarshe ne."

"Kun ci?"

"An ci mu."

"Ashe asara biyu ka yi."

Sallau ya dubi ƙafafun Sadiq. Ƙanana ne, cikin silifas, ko an ninka su ba su cika sawun nan. Ya tambaye shi wa ya san yana barin aiki in ana wasa. Sadiq ya ce duk wanda ke zuwa gidan kallo, wato rabin gari.

*

Alhaji Ɗantala ne ya tuna da kwamfuta. Ai da aka raba rambut, ya ce, an shigar da sunan kowa da garinsu da lambar ƙafarsa. Ga kuma Sallau da ƙungiya ta kashe wa kuɗin mota. Yau ranar cin moriya ce.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne. Sallau ya zauna ya buɗe kwamfutar, mutane suka cika bayansa har suka tare iska. Ya buɗe sabuwar tambaya, ya jawo teburin 'yan ƙungiya, ya sauko da gurbin suna, da na gari, da na takalmi. A layin sharaɗi, ƙarƙashin takalmi, ya buga 45.

Nan ɗan yatsansa ya tsaya. Shi ma arba'in da biyar yake sawa, kuma shi ma an ba shi rambut. In ya danna haka, sunansa zai fito a gaban Lauwali da bindigarsa da duk masanan shayi. Ba wai za a zarge shi ba. Za a dai yi dariya, kuma a garin nan ba a san inda dariya ke tsayawa ba.

Sai ya tuna wata kalma da Malama ta koya musu ta ware wanda ba a so. Ƙarƙashin gurbin suna ya buga Not "Sallau". Ba wanda ke bayansa ya san me ya yi. Ya danna.

Layi ɗaya ya fito. Sallau ya karanta da ƙarfi, da muryar ɗalibin da ya ci jarrabawa.

"Fa'izu. Gidan Goga."

Kowa ya kama magana lokaci guda. Fa'izu baƙo ne. Ya gudo daga Gidan Goga ta ƙasar Maradun bayan an ƙone rumbunansu an kore shanunsa, aka ba shi aron gona a nan. Yana jin Fulatanci. Ba ya yawan magana. Jiya waɗannan abubuwa ne na tausayi, yau suka zama shaida.

"Dama ni ban taɓa yarda da shi ba," in ji wani da Fa'izu ya taya dashen shinkafa.

"Kwamfuta ba ta ƙarya," in ji Lauwali, ya fita da yaransa.

*

Suka kulle shi a ɗakin ajiyar taki da ke bayan ofis. Lauwali ya ce ya aika wa abokan aikinsa na Damri, za su iso bayan la'asar su tafi da shi bayan gari a yi masa tambayoyi. An sha yi wa mutane irin tambayoyin nan, ba a dai taɓa jin wanda ya dawo ya faɗi abin da aka tambaye shi ba.

Sallau ya sa baki a tagar ɗakin.

"Fa'izu, ina kake jiya bayan isha'i?"

"Gida."

"Wa ya gan ka?"

"Iyalina." Ya matso bakin tagar. "Malam Sallau, an ce kai ka ga sunana."

"Na'ura ce ta nuna."

"Ita ta san ni?"

Sai ga Hadiza matar Fa'izu ta iso da buhu a hannu. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta zazzage buhun a gabansa, rambut biyu suka faɗo.

"Ga su. Tun da aka ba shi bai sa su ba, ya ce zafi suke mishi. Albasa nake ajiyewa ciki."

Sallau ya juya na daman. Tafin lafiya lau, ko gashin robar bai goge ba. Ba tsaga. Ya sa babban yatsa a inda tsagar ya kamata ta kasance, sai a lokacin ya gane abin da ke yin irinta: ƙarfen kik na babur, in mutum ya saba tayar da shi da takalmi ɗaya.

"Mijinki na hawan babur?"

"Ko keke bai iya ba."

Ya kai takalmin gaban Alhaji da Lauwali ya yi musu bayani. Lauwali ya ce ai infoma ba ya rasa takalmi biyu, kuma ba ya rasa mai goya shi. Surajo, wanda ke tsaye gefen mahaifinsa, ya yi magana a hankali, ya ce shi a ganinsa kada a zubar da jini, a kore shi kawai ya bar gari, magana ta mutu. Mutane suka yaba da tausayinsa.

"Sallau," in ji Alhaji, "da safe ka ce ƙasa ba ta faɗin suna. Mun tambayi mai faɗi, ta faɗa. Kai ka tambaye ta. Yanzu mi kake so?"

"A ba ni zuwa la'asar."

"La'asar ta Allah ce," in ji Lauwali. "In ta yi, ta yi."

Sallau ya naɗe kwamfutar ya sa a jaka, ya tare ɗan acaɓa.

*

Malama Amatullah tana cin abincin rana a ajinta na Talata Mafara, hijabi a ɗage zuwa goshi, lokacin da ya shigo. Ta girmi 'yarsa da kaɗan. Ya ba ta labari a tsaye.

"Zauna, Baba. Nuna mini tambayar."

Ya buɗe. Ta duba layin sharaɗi, ta ajiye cokali.

"Wanga fa?"

"Ni ma arba'in da biyar nake sawa."

"Sai ka cire kanka."

"Mutane na bayana."

"Goge shi. Bar lambar kawai. Danna."

Ya goge harafi bayan harafi, ya danna. Layi uku suka fito. Sallau, Birnin Tudu. Fa'izu, Gidan Goga. Na ukun, Birnin Tudu, arba'in da biyar, gurbin suna fari fat.

Sallau ya matso da fuskarsa. "Wannan ɗazu ba ya nan."

"Yana nan. Kai ka kore shi."

"Ni Sallau na ce a cire. Wannan ba Sallau ba ne."

"Ka sani?"

"Na san ba ni ba ne."

"Kai ka sani, ita ba ta sani ba. Ka ce mata ta kawo duk wanda sunansa ba Sallau ba ne. Ta zo kan wanda ba a gaya mata sunansa ba. Ba za ta rantse Sallau ne ba, ba za ta rantse ba Sallau ba ne. Sai ta bar shi ta wuce, ba ta kuma gaya ma ta bar shi. In kana son irinsu sai ka neme su da kansu." Ta jawo madannin ta buga Is Null a ƙarƙashin suna. Layin da ba suna ya fito shi kaɗai. "Ta fi mutanen garinku tsoron shaidar zur."

Sallau bai yi dariya ba. "Wa ya shigar da wannan?"

"Ni. Ni ƙungiyarku ta ɗauka ranar rabo." Ta rufe ido tana tunani. "Shugabanku na zaune gefena, yana faɗi ina bugawa. Can wajen ƙarshe ya ce a sa ɗaya na yayansu. Na ce yayan su wa? Ya ce yayansu dai, ya kau da kai. Na ce suna fa? Sai ya shiga yi wa wani faɗa. Ni ba 'yar garin ba ce. Na bar wurin da niyyar in tambaya, aka kira salla."

Sallau ya jingina da bango. Ba sai an yi masa fassara ba. Dattijo irin Alhaji Ɗantala ba ya kama sunan ɗansa na fari. Alkunya ce. Zai ce yayansu, zai ce wancan, zai ce mutumin nan, amma ba zai buɗe baki ya faɗi sunan a gaban mutane ba, balle a gaban baƙuwa. Kuma ba wanda ya taɓa tunanin Surajo na da rambut, don bai taɓa shiga gona ba sai in zai ɗauki hoto. Uba ne ya ɗebo wa gida kaso, kamar yadda shugabanni kan yi.

"Baba," in ji Malama, "gurbi fari ba shaida ba ne fa. Kada ka sake karanta wani abu da ƙarfi."

"Na ji," ya ce, yana zuge jaka.

*

An fito daga sallar la'asar ke nan da ya sauka. Baburan mutanen Damri suna jere a ƙofar ofis. An fito da Fa'izu, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar dabba. Hadiza tana tsaye nesa kaɗan, goyo a baya, ba ta kuka.

Sallau ya ɗora kwamfutar a kan benci, ya ce a kawo masa bokitin ruwa. Ya kwarara a ƙasa ya baje da kara.

"Ɗazu na tambayi na'ura ba daidai ba," ya ce. "Masu arba'in da biyar uku ne. Na farko ni ne."

Dariyar da ya gudu ta zo, amma gajeriya ce. Ya aika gidansa aka kawo rambut ɗinsa, ya sa na dama ya taka ƙasar. Ya danna na Fa'izu a gefe. Ya kira Lauwali, wanda ya ga sawun bakin kanal da idonsa.

"Akwai tsaga?"

Lauwali ya duƙa. "Babu."

"A wanne?"

"Duka biyun."

"Saura na uku."

Ya juyo da fuskar kwamfutar wajen jama'a. Waɗanda suka iya karatu suka matso, waɗanda ba su iya ba suka fi su matsowa.

"Ina sunan?" in ji ɗaya daga mutanen Damri.

"Ba a sa ba. Alhaji, kai ka ce a shigar da wanga layi. Na wa ne?"

Alhaji Ɗantala ya gyara hula. "Na gida ne."

"Gidan da yawa."

"Sallau, ka san da wa kake magana?"

"Ranka ya daɗe, na sani. Takalmin nake so a kawo."

Surajo ya ce shi bari ya je ya ɗauko. Wani dattijon Damri ya dafa kafaɗarsa ya ce ya huta, ga masu ƙafa. Aka tura mutum biyu. Ba su jima ba suka dawo. Sun sami takalman a bayan buhunan zauren Alhaji, laka ba ta gama bushewa a jikinsu ba.

Sallau ya danna na daman a ƙasa ya ɗaga. Tsagar ta fito a tsakiyar tafin, tsaf.

"Zaure na kowa ne," in ji Alhaji. Muryarsa ta ragu. "Kowa na shiga."

"Awo," in ji dattijon Damri. "Shi ya sa muke tambaya. Wa aka karɓo ma takalmin? In ba mai shi, to mu dai an kira mu ne mu tafi da mutum." Ya nuna Fa'izu da haɓa.

Alhaji ya dubi igiyar da ke hannun Fa'izu. Ya dubi baburan. Bai dubi ɗansa ba.

"Yayansu," ya ce.

"Na'ura ba ta san yayansu ba," in ji Sallau. Ɗan yatsansa na kan madanni. "Suna take so."

Tun ranar da liman ya raɗa wa jaririn suna, ba wanda ya taɓa jin kalmar a bakin Alhaji Ɗantala. Ya buɗe baki ya rufe. Wata mata a bayan taro ta ce innalillahi tun bai faɗa ba.

"Surajo."

Sallau ya buga, harafi bayan harafi.

Surajo ya ce aro ya yi. Faifan suna shagon wani abokinsa a Mafara, da ma yana da niyyar maido su kafin shinkafa ta ji ƙishi. Abin mamaki, nan take kalmar infoma ta ɓace daga bakin kowa. Masanan shayi suka gano cewa faifan sola na da amfani iri-iri. Lauwali ya sauke bindiga ya ce shi dama ra'ayinsa a miƙa irin wannan magana ga hukuma, don ƙasa da doka. Mutanen Damri suka tambayi wanda zai biya musu mai.

*

Ba wanda ya tuna da igiyar sai Hadiza. Ita ta kwance ta da haƙori da farce.

Fa'izu ya murza wuyan hannunsa. Wasu suka zo suna ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce, wanda ya ce bai taɓa yarda da shi ba har da rungumarsa. Ya bar su suka gama. Sannan ya zo ya tsaya a kan Sallau, wanda ke shirin rufe kwamfuta.

"Malam Sallau, fidda ni daga cikin abin nan."

"Fa'izu, ai an wanke ka."

"Fidda ni."

"Ba a koya muna goge layi ba tukuna."

"To bar layin. Mayar mini da wurin suna fari, kamar yadda na ɗan Alhaji yake da safe. Shi a sake ya wuni."

Wannan Sallau ya iya. Ya kai alamar rubutu ƙarshen sunan, ya shiga danna maɓallin gogewa. Fa'izu bai iya karatun boko ba, amma ya tsaya yana kallo har harafin ƙarshe ya tafi. Sannan ya ɗauki rambut ɗinsa ya miƙa wa Hadiza ta mayar cikin buhu, suka kama hanyar gida.